Ƙullin Jini a Hannun Anti Rifkatu

Abin da na fara gani da muka shiga shagon Anti Rifkatu a Unguwar Boro shi ne kunne. Kunnen mutum ne guda ɗaya, na hagu, a cikin tsohuwar kwalbar man shafawa, an ajiye shi a saman kanta tsakanin hoda da jan baki. Ya yi ƙura, gefensa ya ɗan tsage. Ishaku ya leƙo ta bayana, ya dafe kai ya ce, "Kai! Wallahi shi ne! Kunnen Oga Tari ne!"

Mu uku ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta aiko. Ishaku ne shugaba, yana ajin ƙarshe. Godiya ita ake ba duk wani wurin da ke buƙatar kuka ko ihu. Ni, Alheri, ba na hawa dandali, aikina in riƙe littafi in rubuta abin da aka ce. An shirya cewa ranar rufe zango za mu kwaikwayi wani yanki na fim ɗin *Tarin Fatalwa*, shi ne aka ce mu je wurin matar da ta yi jinin fim ɗin ta faɗa mana abin da ake haɗawa. A hanya Ishaku ya ce minti goma ya ishe mu. "Ba zoɓo ba ne kawai?"

A nan garinmu aka yi fim ɗin, tsakanin Romi da bakin kogi, da kyamara ɗaya. Labarin wani mai gyaran babur ne, Oga Tari, da ya kamu da shan maganin tari. Duk kwalbar da ya shanye, sai wani sashe na jikinsa ya faɗi. Yatsa ya faɗa cikin inji, kunne ya faɗa cikin miya, shi kuma ya ɗauka ya hure ya liƙa da gam, ya ce, "Gobe zan daina." Lokacin da ya fito ba wanda ya saya. Daga baya ne aka yayyanka shi ana turawa ta waya, har ya zama babu yaron da bai haddace shi ba. Kuma kowa ya san wanda ya fito a Oga Tari ya mutu. Wasu sun ce a wurin ɗaukar fim ɗin, wasu sun ce a asibiti, wasu sun ce fatalwar ce ta bi shi gida.

Bai mutu ba. Ƙanen mahaifiyata ne, Kawu Bulus, yana ɗakin baya a gidanmu na Romi yana kiwon kaji. Bayan an yi masa aiki a ciki, Kaka ta kai shi ƙauye, ya shekara shida a can. Bara ya dawo da gemu da hula, ya rame har ba mai gane shi. Da labarin mutuwarsa ya bazu, Kaka ta ce a bar shi a haka. "Matacce ba mai zuwa ɗaukar hoto da shi, ba mai kawo masa kwalba," in ji ta. Ta tara mu ta hana a faɗa wa kowa, ko a coci. Don haka na zauna a ƙarshen benci da littafi a cinyata, ban nuna na san shi ba.

Anti Rifkatu tana ɗaura wa wata mata gwaggwaro, allurai uku a bakinta. Sai da ta gama, matar ta fita, sannan ta saurari Ishaku. Ta dube shi daga takalmi har aski.

"Zoɓo kawai? To, ɗan nan, zauna. Ke mai littafi, rubuta."

Aikinta na farko, in ji ta, bulalar Yesu ne. Wasan Juma'a Mai Kyau ne a cocinsu a Kakuri, tana da shekara goma sha shida. Mai yi musu raunuka wani dattijo ne, Baba Yohanna, wanda ya yi aiki a sashen rini na masaƙa har aka rufe ta. Bikin Ista biyu ta yi tana wanke masa kwanoni bai bar ta ta taɓa kala ba. A ta uku zazzaɓi ya kwantar da shi, ita kuma ta dafa zoɓo mai kauri ta zuba wa saurayin da ya fito a Yesu a baya. Kafin a yi rabin hanya da gicciyen, rana ta busar da shi, ya koma launin jan kabeji. "Mata suna bin Yesu suna danne dariya, ranar da ake makoki. Washegari Baba Yohanna bai yi mini faɗa ba. Ya sa ni a gaba, da zazzaɓinsa, har mahauta. Ya ce in tsaya in kalli ƙasa, kada in kalli saniya. Na tsaya tun safe har rana ta take."

Abin da ta koya a wurin shi ne jini uku ne: na yanzu, na ɗazu, na jiya. Na yanzu ja ne mai sheƙi, yana gudu. Ana yin sa da narkakken sukari da jar kalar kek, da ɗigo ɗaya na shuɗi don kada ya yi kama da manja. Na ɗazu ya fara duhu yana kama jiki, shi ake ƙara wa garin kofi. Na jiya kusan baƙi ne, yana ɓarewa, sai da sitaci da ɗan gawayi. Ta ce mai kallo bai san sunayen nan ba, amma idonsa ya sani. Ka sa wa wanda aka sara jiya jinin yanzu, ko yaro ne zai ce ƙarya ne.

Akwai wata gawa da ta taɓa yi a wani fili bayan Romi. Mutumin ya kwanta, ta zuba masa na ɗazu a ƙirji, matarsa a fim ta durƙusa tana kuka. Ashe kusa da gidan cinnaku aka shimfiɗe shi, ga sukari. Ana tsakiyar kukan gawa ta yi tsalle tana kiran uwarta da yarensu. Godiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Anti Rifkatu ta ce tun daga ranar ba ta fita aiki ba kwalbar kananzir, ta zagaye wurin kwanciya da shi kafin ta buɗe sukari. A jakarta kuma akwai auduga, farin gam na kafinta, sirinji babba, robar ƙarin ruwa, almakashi da cokulan shayi biyu. Idan ana son jini ya yi tsartuwa, ita ce ke kwanciya ƙarƙashin tebur ta danna sirinji daidai bugun zuciya. Hanjin akuya kuwa dole a gama da shi kafin azahar, in ba haka ba ƴan wasa su gudu.

Ba ƴan fim kaɗai ke zuwa ba. Ɗalibai masu koyon jinya sun zo ta yi musu karaya da ƙuna su gwada ɗauri. Wani mutum mai babbar riga ya zo ta yi masa rotse a goshi, zai kai ƙarar maƙwabcinsa. "Na ce masa, Oga, maƙwabcin naka yana nan ai, ka je ka zage shi, zai yi maka na gaske kyauta."

Ishaku bai daina kallon kwalbar ba. Ta sauko da ita ta miƙa masa. Ta ce a kunnen Bulus ta danna laka ta ɗauki siffa, ta zuba kakin kyandir da auduga da gam, ta shafa hoda iri uku kafin launin ya zo daidai da fatarsa. Shida ta yi. Ɗaya ya narke a rana, akuya ta cinye ɗaya, uku suka shiga miya. Wannan ne ya rage.

Nan Ishaku ya fito da waya ya fara karanto mata abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Wani ya ce fim ɗin banza ne amma ya kalla ya fi sau ashirin. Wani ya ce wanda ya yi jinin nan a ɗauke shi a kai shi ƙasar waje. Wata ta ce ita tun da ta gani ba ta ƙara shan miyar kuɓewa ba. Godiya ta ce mamarta ta ce aikin shaiɗan ne, ta kama ƙanenta yana kallo ta ƙwace wayar mako guda.

"Haba, su manya ba sa ganewa," in ji Ishaku. "Wa'azi ne fa, amma da dariya."

Godiya ta ce, "Wa'azin me? Kai da kake cewa gobe zan daina duk lokacin da aka kama ka kana barci a aji?"

Anti Rifkatu ta bar su suka gama. Ta ce ita ma an kawo mata ra'ayi har ƙofar shago. Wani fasto ya yi huɗuba a kansa ya ce masu yin sa su tuba. Wata mata daga Tudun Wada ta zo da ƙwai a leda, ta ce ɗanta ya kalla ya yi amai, bai ƙara taɓa kwalba ba. Mako biyu bayan haka ta wuce wasu samari a gindin gada, sun kunna shi a waya, duk sanda Oga Tari ya ce gobe zan daina sai su amsa masa su kurɓa. "Suka gane ni, suka ɗaga mini kwalba suna cewa Mama, ke ce uwarmu. To ku faɗa mini wanne fim na yi a ciki."

"Mu dai wurin ƙarshe muke so, Anti," Ishaku ya ce. "Inda ya durƙusa jini na fita ta baki, yana miƙa hannu a ƙara masa kwalba. Nan ne ake faɗuwa ƙasa don dariya. Shi za ki koya mana."

Ta mayar da kwalbar kunnen wurinta, ta goge hannu a zani, ta zauna. Wannan ne karon farko da ta zauna tun shigowarmu.

Jinin baki daban ne, in ji ta, domin ana iya haɗiye shi. Nan ne kaɗai zoɓo ke shiga, da zuma. Ana yanke yatsar safar hannu ta roba, a ɗura, a ƙulle da zare. Ba a ba ɗan wasa ƙullin da wuri, zai fashe shi yana magana. Sai darakta ya kusa cewa a fara, mai kwalliya ta ruga ta sa masa a kunci, ta fita daga gaban kyamara. Daga nan kuma ba ta da baki. A fim ɗinta na farko ta ga wani rauni yana ɓallewa daga wuyan ɗan wasa ta ce a tsaya. Darakta ya kore ta a gaban jama'a, ta yi wata shida ba wanda ya kira ta. Da ta kai kuka wurin Baba Yohanna, ya ce daraktan ya yi daidai, a masaƙa ma ba kowa ke kashe inji ba. Ta riƙe wannan shekara goma sha ɗaya ba ta karya ba.

Ranar ƙarshe ta *Tarin Fatalwa*, kyamarar haya ce, da yamma za a mayar. Hadari ya taso daga gabas. Kwalaben da Bulus ke sha a fim ita ke cika su da zoɓo, amma tun makon farko take tsintar waɗanda ba ita ta cika ba, da murfinsu sabo. Ta san maganin tari na gaske yake sha, kowa ya sani. Darakta ya ce a ƙyale shi, idonsa ya fi dacewa haka. Ga ƙwayoyin ciwon jiki da yake afawa ba abinci a cikinsa. Ranar nan tun safe yake dafe ciki, aka ɗauka yana shiga halin wasan ne.

"Ina gindin mangwaro ina ƙulle zaren. Darakta ya dubi sama ya ga hadari, bai dube ni ba, ya ce a fara. Na ce a raina za a sake ɗauka ai, tunda ba komai a bakinsa. Ya sha. Ya ce gobe zan, bai ƙarasa ba, ya durƙusa. Sai ga jini."

Ta buɗe tafin hannunta na dama a kan gwiwa, ta dube shi.

"Ƙullin yana nan. Ina jin sanyinsa. Kuma abin da ke fita daga bakinsa ba ja ba ne, baƙi-baƙi ne, da gudaji. Na jiya ne ke fitowa daga bakin mai rai. Mai riƙe da sandar makirufo ya cusa riga a baki don kada dariyarsa ta shiga. Duk wurin, mutum goma sha wani abu, ni kaɗai na san ba nawa ba ne. Kyamara tana tafiya. Ka duba wayarka, minti nawa ne?"

Ishaku bai duba ba. A hankali ya ce, "Huɗu."

"Huɗu. Na tsaya minti huɗu ina jiran darakta ya ce a tsaya. Da ya ce, aka yi ta tafi, ya juyo yana cewa Rifkatu, yau kin gama da su. Sai a lokacin na buɗe hannu."

A Keke aka kai shi asibiti. Ta je kwana biyu a jere ba ya gane mutane. Rana ta uku ta tarar da gadon da wani a kai, aka ce danginsa sun mayar da shi wani wuri. Ɗakinsa na Tudun Wada a kulle, wayarsa ba ta shiga. Bayan ƴan watanni aka turo mata hotonsa da baƙin zare a kusurwa. Daraktan bai cire wurin ba, ya ce shi ne ma fim ɗin. "Wata biyu muna aiki tare," in ji ta. "Na san girman kunnensa, ban san garinsu ba."

Wannan ita ce shekarar da sana'ar ta ƙare mata, kuma ba don rashin aiki ba. Da fim ɗin ya bazu, ba a taɓa nemanta kamar lokacin ba. Kowane darakta ya kira sai ya ce irin na *Tarin Fatalwa* yake so. Ta karɓi aiki biyu, a na biyun ta tsayar da kyamara sau uku don ta buɗe bakin ɗan wasa ta duba. Aka ce ta samu taɓin hankali. Ta ba wata yarinya sirinji da robar, ta koyi kwalliyar amare.

Ishaku ya juya wayar a hannunsa, ya ce, "Ashe shi ya sa wurin ya fi ko'ina kyau." Godiya ta kai masa duka a kafaɗa. Ya ce ba haka yake nufi ba, yana nufin sai mu yi wasan don tunawa da shi, a sa hotonsa a bango.

"Na yanzu da na ɗazu, ga su nan a littafin yarinyar nan, ku yi abin da kuke so," in ji Anti Rifkatu. "Na baki ba zan koya muku ba. In kun samu wani ya koya muku, wanda ke riƙe da ƙullin a ba shi ikon tsayar da wasa, ko shugaban makaranta ne ke kallo." Ta tashi ta fara tattara allurai. Ta ce duk shekara tana ba da sunansa a coci cikin matattun da ake yi wa addu'a, amma suna ɗaya ta sani, Bulus kawai. "Ku yara kuna jin abin da manya ba sa ji. In kun ji wanda ya san ƙauyensu, ku zo ku faɗa mini. Ina so in ga uwarsa kafin ɗayanmu ta tafi. Ba abin da zan kai mata. Ina so dai ta ji daga bakina cewa na tsaya ina kallo."

Na rubuta wannan ma, domin hannuna ya saba. Da za mu fita ta karɓi littafin ta duba, ta gyara mini wuri ɗaya, ta ce ɗigo ɗaya na shuɗi, ba cokali ba.

La'asar ta wuce na isa gida. Kaka tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta tambaye ni ina na tsaya, na ce aikin makaranta. Na zagaya baya. Kawu Bulus yana tsugune yana wanke robobin ruwan kaji, ya naɗe hannun riga. Na zauna a kan bulo na faɗa masa duka, daga mahauta har addu'ar matattu. Bai daina wanki ba sai da na zo wurin minti huɗu.

"Mutane na cewa kwalba nake roƙo, ko?"

Na ce haka suke cewa.

"Ita nake miƙa wa hannu. Na san ba ta sa mini komai ba, na san ta sani." Ya zubar da ruwan, ya kife robar. "Alheri, kin san abin da Kakarki ke tsoro. Mutum ɗaya ya ji, gobe goma ne a ƙofar nan da waya, a ce in durƙusa in yi musu. Cikin goman nan akwai waɗanda muka sha tare. Ni ban san ko ina da ƙarfin ganinsu ba."

Na ce na sani. Daga gaban gida ina jin waken Kaka yana zuba cikin kwano.

"Kawu," na ce, "ta ce ranar Laraba ba ta da amare, shagon ba kowa. Akwai ƙofa ta lungu, ba sai mun bi titi ba. Don Allah in na taso daga makaranta ka raka ni. Ko ba za ka ce mata komai ba, ta gan ka a tsaye."